BABI NA UKU: HANYAR GANO TAKARDUN SHAIDAR INTANET MASU RAUNIN MAKULLI

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayanin yadda biyan kuɗi ta waya da na'urar POS ya sami gindin zama a kasuwannin ƙaramar hukumar Fagge. Wannan babi kuwa zai duba wani abu da ke ƙarƙashin wannan ciniki, wanda ɗan kasuwa ba ya gani da idonsa, amma a kansa amincin kuɗinsa ya dogara, wato takardar shaidar intanet da makullin da ke cikinta. Za a fara da ma'anar makulli da takardar shaida, sannan a kawo ire-iren raunin da kan sami makulli, daga nan a nuna yadda ake yi wa rumbun ajiyar takardun tambaya domin a zaƙulo masu rauni. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, takarda tana iya kasancewa da hatimi na gaskiya, wa'adinta kuma bai cika ba, amma makullinta ruɓaɓɓe ne, kuma ba a gane haka sai an bi takardun gaba ɗaya an auna su.

3.1 Ma'anar Makulli da Takardar Shaida

Bahaushe ya san kwaɗo da ɗan makulli. Kwaɗo yana rataye a ƙofar rumfa kowa yana ganinsa, ɗan makulli kuwa yana aljihun mai rumfa. Tsari mai kama da wannan ne masana lissafi suka ƙirƙiro domin tsare saƙon da ke bi ta intanet. Kwamfutar da ke karɓar saƙon sirri tana da makullai biyu waɗanda aka ƙera tare. Na farko shi ne makullin fili, wanda ake ba kowa. Na biyu shi ne makullin sirri, wanda ba ya barin hannun mai shi. Abin da aka kulle da na fili, na sirri ne kaɗai zai buɗe shi, haka kuma abin da aka sa wa hannu da na sirri, kowa zai iya tabbatar da shi ta hanyar na fili.

Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka bayyana wannan tunani a shekarar 1976. A shekarar 1977 kuma Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fito da tsarin da ake kira RSA, wanda aka ɗauko sunansa daga haruffan farko na sunayensu. Tsarin RSA ya ginu ne a kan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, kamar 7 da 13 da 61. A wannan aiki za a riƙa kiran irin wannan lamba da suna gagara-raba. Idan aka ɗauki gagara-raba biyu aka ninka su, alal misali 61 sau 53, za a sami 3233 cikin sauƙi. Amma idan aka ba mutum 3233 aka ce ya nemo iyayenta biyu, sai ya yi ta gwaji. Lambar da aka samu daga ninkin ita ce jigon makullin fili, iyayenta biyu kuwa su ne sirrin. Duk wanda ya gano su, ya mallaki makullin sirri ke nan.

Ana auna tsawon makulli da ma'aunin da ake kira bit. Makulli mai bit 512 lamba ce mai alƙaluma 155, mai bit 2048 kuwa tana da alƙaluma 617.

Sauran tambaya ita ce, yaya za a san cewa wannan kwaɗo na banki ne ba na ɗan damfara ba? A zamanin fatauci, baƙon da ya sauka a Fagge da kayansa yakan sami fatoma wanda zai tsaya masa, ya shaida wa masu saye cewa ya san shi. Hukumar ba da shaida ita ke yin aikin fatoma a intanet. Tana bincika mai neman shaida, sannan ta ba shi takarda mai ɗauke da sunansa da makullinsa na fili da ranar farawa da ranar ƙarewa, ta buga hatiminta a kai. Tsarin rubuta wannan takarda ana kiransa X.509, kuma an fara fitar da shi a shekarar 1988.

3.2 Matsayin Takardar Shaida a Kasuwannin Fagge

A cikin ƙaramar hukumar Fagge ne Kasuwar Kantin Kwari take, inda ake sarin atamfa da shadda da yadi zuwa sassan Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. A nan ne kuma 'yan canji na Wapa suke, haka ma Kasuwar Sabon Gari wadda aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi. Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a shekarar 2012, ya kuma faɗaɗa shi zuwa Kano a watan Yuli na 2013. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon shekarar 2023, bayan sauya fasalin naira, ya sa har masu ƙananan rumfuna suka koma karɓar kuɗi ta waya.

Takardar shaida tana shiga wannan ciniki ta hanyoyi uku. Ta farko, idan mai saye ya buɗe manhajar bankinsa zai aika kuɗi, wayarsa tana karɓar takardar shaidar kwamfutar bankin ta duba kafin ta miƙa lambar sirrinsa. Ta biyu, na'urar POS tana yin irin wannan dubawa yayin da take magana da kamfanin da ke sarrafa biyan kuɗi. Ta uku, katin banki mai ɗan ƙarfe a jiki, wanda ya maye gurbin mai zare a Nijeriya a wajajen shekarar 2010, yana ɗauke da takardar shaidar bankin da ya ba da shi, na'urar POS kuma tana riƙe da makullan fili na kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard domin tantance ta.

Idan makullin ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa hannun mugu, zai iya kafa kwamfutarsa ta yi shigar ta banki, ya nuna takarda ta gaskiya, wayar mai saye kuma ta amince da shi. Mai rumfa a Kwari ba shi da hanyar gane wannan, domin alamar tsaron da ke fitowa a fuskar waya ba ta bambanta makulli mai ƙarfi da mai rauni a kowane hali. Saboda haka nauyin binciken yana kan bankuna da kamfanonin biyan kuɗi da hukumomin da suka mallaki takardun.

3.3 Ire-Iren Raunin Makulli

Idan aka lura da abubuwan da suka faru a duniya, za a iya karkasa raunin makulli gida huɗu.

3.3.1 Gajarta

Wannan shi ne rauni mafi sauƙin ganewa. Gwargwadon ƙaruwar ƙarfin kwamfuta, gwargwadon yadda makullin da ya isa jiya yake gazawa yau. A watan Agusta na 1999 wasu masana suka fasa lamba mai bit 512 bayan aikin watanni. A watan Disamba na 2009 aka fasa mai bit 768, sannan a watan Fabrairu na 2020 aka fasa mai bit 829. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka nuna cewa ana iya fasa makulli mai bit 512 cikin kamar awa huɗu, da kuɗin hayar kwamfuta dala 75 kacal.

Wannan ne ya sa majalisar hukumomin ba da shaida da masu ƙera manhajojin shiga intanet, wadda ake kira CA/Browser Forum, ta ƙayyade cewa duk takardar RSA da za ta wuce ƙarshen shekarar 2013 tana aiki, kada makullinta ya gaza bit 2048. A watan Nuwamba na 2011 an gano cewa wata hukumar ba da shaida ta ƙasar Maleshiya, mai suna DigiCert Sdn. Bhd., wadda ba ta da alaƙa da kamfanin DigiCert na Amurka, ta ba da takardu 22 masu makullan bit 512. Kamfanonin Mozilla da Microsoft suka janye amincewa da ita gaba ɗaya. A ɓangaren katin banki kuwa, an daina amfani da makullan kamfanonin kati masu bit 1024 a ƙarshen shekarar 2009, masu bit 1152 kuma a ƙarshen 2017.

3.3.2 Ƙarancin Ƙuri'a

Kwamfuta tana zaɓen gagara-raba biyun ne ta hanyar ƙuri'a, kuma dole ƙuri'ar ta kasance mai faɗi ƙwarai yadda ba wanda zai iya cankar abin da ya fito. A watan Satumba na 2006 aka yi wani gyara a manhajar OpenSSL da ke cikin tsarin Debian, wanda ya toshe kusan duk hanyoyin da ƙuri'ar ke samun bambanci. Ba a lura ba sai a watan Mayu na 2008, lokacin da Luciano Bello ya gano cewa makullan da tsarin ke iya ƙerawa na kowane tsawo, a kowace irin kwamfuta, ba su wuce 32,767 ba. Wannan ya yi kama da maƙerin da kwaɗunansa ke da girma da nauyi, amma 'ya'yan makullansa iri kaɗan ne, wanda duk ya tara su a zobe ɗaya zai buɗe kowace rumfa. Makulli irin wannan yana iya zama mai bit 2048 ko ma 4096, amma tsawon bai amfane shi da komai ba.

3.3.3 Tarayya a Uwa Ɗaya

Idan ƙuri'a ta yi rauni, makullai biyu na mutane daban suna iya yin tarayya a gagara-raba ɗaya. A ɗauki 91 da 133 a matsayin misali. Idan aka debe 91 daga 133 za a sami 42, idan kuma aka debe 42 sau biyu daga 91 za a sami 7. Wannan 7 ita ce uwar da suka yi tarayya a kai, domin 91 ita ce 7 sau 13, 133 kuma 7 sau 19. Ta haka duka makullan biyu sun fashe ba tare da wahala ba. Wannan dabara tun zamanin Yuklid, masanin lissafi na Girka, aka san ta. A shekarar 2012 wani rukunin masu bincike da ya haɗa da Nadia Heninger da J. Alex Halderman ya tattara makullan fili na intanet ya gwada su ta wannan hanya, ya kuma iya fito da makullan sirri na kashi 0.5 cikin ɗari na kwamfutocin da ke amfani da takardar shaida, wato ɗaya cikin kowace ɗari biyu. Akasarinsu ƙananan na'urori ne irin na raba intanet a ofis, waɗanda ke ƙera makulli da zarar an kunna su karo na farko. A shekarar 2013 an fasa makullai 184 na katin shaidar 'yan ƙasa na Taiwan ta wannan hanya da makamantanta.

3.3.4 Aibin Maƙera

Wani lokaci dabarar ƙera makullin ce take da aibi tun daga masana'anta. A watan Oktoba na 2017 masu bincike a Jami'ar Masaryk ta Jamhuriyar Cek suka bayyana aibin da aka sa wa suna ROCA, wanda ke cikin wasu 'yan ƙarafan kati na kamfanin Infineon na Jamus. Gagara-raban da suke ƙerawa suna da wani fasali na musamman da ke sauƙaƙa fasa su. A watan Nuwamba na wannan shekara gwamnatin Istoniya ta dakatar da takardun shaidar katin 'yan ƙasa kimanin 760,000 saboda wannan aibi. Haka kuma a shekarar 2022 Hanno Böck ya nuna cewa wasu na'urorin buga takardu suna zaɓen gagara-raba biyu masu kusanci da juna. Irin wannan yana fashewa da dabarar Fermat, masanin Faransa na ƙarni na 17. Alal misali 8051 tana kusa da 8100, wato 90 sau 90, bambancinsu kuma 49 ne, wato 7 sau 7. Idan aka debe 7 daga 90 aka kuma ƙara 7 a kan 90, za a sami 83 da 97, waɗanda su ne iyayen 8051.

3.4 Rumbun Takardu da Ƙofar Tambaya

Babbar ma'aikata kamar banki tana da takardun shaida masu yawa, wasu a shafinta na intanet, wasu a manhajar waya, wasu tsakanin kwamfutocinta na cikin gida, wasu kuma a na'urorin rassa. Ba zai yiwu ma'aikaci ya riƙe su a ka ko a littafi ba. Don haka ake amfani da manhajar kula da takardun shaida, kamar Venafi da Keyfactor da EJBCA, wadda ke aiki a matsayin rumbu. Ga kowace takarda rumbun yana rubuta sunan mai ita da hukumar da ta ba da ita da irin makullinta da tsawonsa da ranar ƙarewarta da wurin da aka girke ta.

Ana iya duba rumbun ta fuskar kwamfuta kamar yadda ake buɗe littafin bashi ana bin shafi. Amma hanya mafi inganci ita ce ta ƙofar da masana kwamfuta ke kira API, wadda a wannan aiki za a kira ƙofar tambaya. Ƙofar tambaya tana kama da tagar akawu a sito. Mai tambaya ba ya shiga cikin sito, sai dai ya miƙo takardar izininsa tare da buƙatarsa a rubuce bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa, akawu kuma ya miƙo masa jerin abin da ya nema. Bambancin shi ne, a nan manhaja ce ke tambayar manhaja, don haka ana iya maimaita tambayar kowace rana ba tare da gajiya ko mantuwa ba. Amsar takan zo a wani tsarin rubutu da ake kira JSON, wanda kwamfuta ke iya karantawa ta tace.

Bayan rumbun cikin gida akwai kuma rumbun duniya. A shekarar 2013 kamfanin Google ya ƙaddamar da tsarin rubuta duk takardar da hukumomin ba da shaida suka fitar a cikin rajista wadda kowa zai iya dubawa, kuma daga shekarar 2018 manhajar Chrome ta daina amincewa da sababbin takardun da ba su shiga rajistar ba. Ta shafin crt.sh na kamfanin Sectigo, ma'aikata tana iya neman duk takardun da aka taɓa bayarwa da sunan shafinta, har da waɗanda wani sashe nata ya karɓo ba tare da sanin masu kula da rumbu ba.

3.5 Matakan Yin Tambaya

Ana iya taƙaita aikin a matakai biyar kamar haka:

(i) Neman izini. Mai tambaya yana gabatar da alamar izini wadda rumbun ya ba shi. Ya kamata izinin ya tsaya a kan karatu kawai, domin aikin bincike ba ya bukatar ikon sokewa ko saukar da makullin sirri.

(ii) Tambaya a kan tsawo. Ana cewa rumbun ya kawo duk takardar da makullinta RSA ne, tsawonsa kuma ya gaza bit 2048, ba a soke ta ba, wa'adinta kuma bai cika ba. Wannan tambaya tana kama rauni na farko kaɗai.

(iii) Karɓar amsa shafi-shafi. Rumbu ba ya miƙo dukkan jerin lokaci guda. Yakan ba da wani adadi tare da alamar cewa akwai saura, sai a sake tambaya har jerin ya ƙare.

(iv) Saukar da makullan fili duka. Tun da rauni na biyu da na uku da na huɗu ba sa bayyana a tsawo, dole ne a nemi ainihin takardun gaba ɗaya, har da masu bit 2048 da 4096, a ciro makullin fili daga kowacce. Daga nan sai a gwada shi da jerin makullan Debian da aka riga aka sani, a duba ko yana da fasalin ROCA, a yi masa gwajin Fermat, sannan a haɗa makullan duka a nemi waɗanda suka yi tarayya a uwa ɗaya. Manhajar badkeys, wadda Hanno Böck ya rubuta, tana yin da yawa daga cikin waɗannan gwaje-gwaje. Duk wannan ba ya bukatar taɓa makullin sirri.

(v) Jera sakamako bisa haɗari. Takardar da ke kan hanyar biyan kuɗi ko wadda ke buga wa wasu takardu hatimi ita ce ta farko, domin idan uwar hatimi ta lalace, duk takardun da ke ƙarƙashinta sun lalace.

3.6 Kurakuran da Akan Yi Wajen Tambaya

Kuskure na farko shi ne yin tambaya a kan tsawo ba tare da an ambaci irin makulli ba. Akwai wani tsari daban da RSA wanda ake kira ECC, wanda makullinsa mai bit 256 yake daidai da RSA mai bit 3072 a ƙarfi. Idan aka ce rumbu ya kawo duk abin da ya gaza 2048, zai haɗa da waɗannan masu ƙarfi, sai a cika jerin da lafiyayyu har a kasa ganin marasa lafiya. Haka ma makullan katin banki suna da tasu ƙa'ida, mafi tsawonsu bit 1984 ne, don haka ba a auna su da mudun shafukan intanet.

Kuskure na biyu shi ne tsayawa a shafin farko na amsa. Mai tambaya yana iya ganin jeri gajere ya ɗauka shi ke nan, alhali sauran suna shafukan da bai nema ba. Makamancin wannan shi ne matata da wasu rumbuna ke sawa da kansu idan ba a fayyace musu ba, su kawo wasu ire-iren makullai su bar wasu. Wajibi ne a karanta ƙa'idar kowace ƙofa kafin a yarda da amsarta.

Kuskure na uku, wanda ya fi girma, shi ne ɗaukar rumbu a matsayin ya san komai. Rumbu ba ya ba da labarin abin da ba a shigar cikinsa ba. Na'urar raba intanet a wani reshe, ko na'urar buga takardu, ko tsohuwar kwamfutar da aka manta da ita a kunne, sukan ƙera wa kansu takarda su sa mata hatimin kansu. Kamar yadda binciken 2012 ya nuna, irin waɗannan ne suka fi yawan rauni, kuma su ne ba sa shiga rajistar duniya. Don haka ana haɗa tambayar rumbu da zagayen da manhaja ke yi a kan layukan ma'aikata tana ƙwanƙwasa kowace na'ura ta karɓi takardarta, sannan a kwatanta jerin biyu. Wannan zagaye a kan kayan ma'aikata kaɗai ake yin sa, da izinin masu ita, domin Dokar Laifukan Intanet ta shekarar 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba.

3.7 Abin Yi Bayan An Gano Rauni

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gano tsagar ba ya wadatarwa sai an toshe ta. Mataki na farko shi ne ƙera sabon makulli a na'urar da aka tabbatar da lafiyarta. A nan ne wasu kan yi tuntuɓe, su sabunta takarda a kan tsohon makulli, wato su sake wa'adi su bar cutar a inda take. Idan aibin daga na'urar yake, kamar na ROCA ko na Debian, sai an gyara na'urar tukuna, in ba haka ba za ta sake haifar irin abin da ta haifa. Mataki na biyu shi ne karɓo sabuwar takarda a girke ta. Na uku shi ne a sanar da hukumar da ta ba da tsohuwar ta soke ta, domin muddin ba a soke ta ba, wanda ya fasa makullinta zai ci gaba da amfani da ita har wa'adinta ya cika. Na huɗu shi ne a sake yin tambayar domin a tabbatar takardar ta fita daga jerin.

Bugu da ƙari, aikin ba na rana ɗaya ba ne. Daga watan Satumba na 2020 an taƙaita wa'adin takardun shafukan intanet zuwa kwana 398. A watan Afrilu na 2025 kuma majalisar CA/Browser Forum ta amince a rage shi a hankali, zuwa kwana 200 a watan Maris na 2026, da kwana 100 a 2027, da kwana 47 a 2029. Ma'aikatar da ke sauya takardu da hannu ba za ta iya wannan gudu ba sai ta ƙofar tambaya. Haka kuma ma'anar rauni da kanta tana sauyawa. Tun a shekarar 1994 Peter Shor ya nuna cewa wata irin kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa, mai aiki da dokokin ƙwayar zarra, za ta iya fasa RSA da ECC idan ta kai girman da ake bukata. A watan Agusta na 2024 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da sababbin tsare-tsaren da ake sa ran za su jure mata. Duk ranar da aka ce a bar RSA, tambayar da za a yi wa rumbu ita ce dai wadda aka bayyana a sama, sharaɗin kawai za a sauya.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana cewa takardar shaida tana tabbatar da mai makulli ne, ba ta tabbatar da ƙarfin makullin a kowane lokaci. An kawo ire-iren rauni huɗu, wato gajarta da ƙarancin ƙuri'a da tarayya a uwa ɗaya da aibin maƙera, aka kuma nuna cewa na farko ne kaɗai tambayar tsawo ke kamawa, sauran ukun sai an sauke makullan fili an gwada su. An kuma nuna cewa amsar rumbu tana tsayawa ne a iyakar abin da aka shigar cikinsa, sannan maganin rauni shi ne sabon makulli tare da soke tsohuwar takarda. Ɗan kasuwar Kwari ko Wapa ko Sabon Gari ba shi ne zai yi wannan tambaya ba, amma kuɗinsa ne ke bi ta ƙofar da ake aunawa. A babi na huɗu za a duba kalmomin da 'yan kasuwar Fagge da masu sana'ar POS suke amfani da su wajen bayyana waɗannan al'amura, tare da kwatanta su da waɗanda aka ƙirƙira a wannan babi.